Yadda Aka Auna Motocin Mahaifinku da Tiya

Akwai wata mummunar mota a saman kabad ɗina, tsakanin jeren tasoshi da agogon nan da ya daina tafiya. Kun san ta. Da Sallar da ta wuce dukkanku kun tsaya a gabanta kuna dariya, Hadiza har da riƙe ciki, kuna tambayar wane jika ne ya yi wannan aika-aika: rufi a karkace, taya ɗaya ta fi sauran girma, ƙofa a inda ya kamata taga ta zauna. Na ce muku ba jika ba ne, ba wanda ya saurare ni, aka shigo da abinci, magana ta bi iska. To yanzu da na zauna ina rubuta muku abin da na sani na gidan nan, na iso kanta, kuma a takarda ba mai katse ni. Abu ɗaya nake nema da wannan babin, gara in faɗe shi tun da wuri: yayanku ya je Gwaram ya gaida Baffa Idi tun yana da rai. Rabonsa da ƙofar gidan tun shekarar da mahaifinku ya rasu, kuma dalilin da ya riƙe ba daidai yake ba. Ba zan rubuta sunan yayan naku ba. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da baki ba, ba kuma zan fara da biro ba. Ya san da shi nake.

Mahaifinku direba ne, wannan kun sani, amma ba ku san kwanan direba ba. Ya daɗe yana jan babbar mota, ya ɗauki hatsi daga kasuwannin nan namu na Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan tsakani, ya kai Kudu, ya dawo da goro da manja. Duk inda tafiya ta yanke masa, tabarma yake shimfiɗawa a ƙarƙashin motar, ya yi matashi da takalmansa don kada a ɗauke. Ni ina nan ina fama da 'yan firamare da safe, ina fama da ku da yamma. In ya dawo sai in ga cizon sauro har a fatar idonsa, in tambaye shi, ya ce lafiya lau. Haka yake, magana a wurinsa kamar da kuɗi ake saye. Da ya ajiye tuƙi bai jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta dama. Ƙafar ta dawo a hankali, hannun ne ya ƙi. Likita ya ce a nema masa abin da zai riƙa motsa yatsu da shi. Muka gwada carbi, ya ce ai da hagu ma yana ja. Muka gwada ɓarar gyaɗa, ya yi kwana biyu ya ture farantin ya ce shi ba tsohuwa ba ne. Daga nan ya koma zama a bakin ƙofar ɗaki, hannun a kan cinya, yana kallon kaji.

Yayanku ne ya kawo maganin, wannan ba zan hana shi ba. Ya zo daga Abuja da wani kwali mai hoton mota a jiki. Da aka buɗe babu mota, sai ledoji cike da 'yan ƙananan bulo na roba, kala-kala, kowanne da 'yan tsiro a sama da rami a ƙasa, ana danna wani a kan wani su kama. Akwai kuma ɗan littafi, hotuna zalla, mai nuna wanne ke bin wanne. Na ce a raina, yau ga rainin hankali, an kawo wa dattijo kayan wasan yara. Mahaifinku kuwa ya juya kwalin ya daɗe yana kallon hoton, don motar ba irin wadda ya sani ba ce. Gabanta mazaunin direba, bayanta kuma ɗaki ne sosai, da gado, da wurin girki, da ɗan teburi, har da labule a taga. Yayanku ya nuna masa a waya cewa a ƙasashen Turawa akwai irinta ta gaske, mutum ya kama hanya da ita, inda ya gaji ya tsaya ya kwanta.

"Wato akwai direban da ke kwana a kan katifa," in ji mahaifinku.

Washegari ya ce in ara masa tasoshina.

Tasoshin nan na jere nake nufi, waɗanda aka kawo ni da su, waɗanda ko baƙo daga Makka ban taɓa zuba wa abinci a ciki ba. Na sauko da su ina mita, ya jera su a tabarma, ja a wannan, fari a wancan, tayoyi da gilasai a ƙaramar. Da farko sai ya yi ta fama da bulo ɗaya, ya kuɓuce, ya ɗauka, ya sake kuɓucewa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ban taɓa ganin ya ture wannan ba. Zulai ta fara zuwa daga gidan aurenta a Wurno ranar Juma'a, Hadiza daga nata a Surko duk ranar da ta samu mashin, su zauna kusa da shi, ɗaya ta riƙe littafin, ɗaya ta nemo masa ƙwayar da hoto ya nuna, wadda babban yatsansa ya kasa dannawa su danna masa. Zulai ce mai ido. Kafin ya gama cewa "irin wannan mai ido huɗu," ta tsamo ta miƙa. Ku biyun nan kun fi kowa sanin haka, amma ba ku taɓa faɗa wa yayanku ba, shi kuma hoton motar da aka gama kawai yake gani a waya. Mota ɗaya ake yi a lokaci guda, sai an gama ta sannan a buɗe wani kwalin. Wata rana ina shara na kwashe ragowar wata na juye a tasar wata, don a ganina roba duk roba ce. A wannan shekarar kaf, ranar ce kawai ya ɗaga min murya.

"Rabi, kowace mota da nata. In kika haɗa su kin kashe duka biyun."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Yayanku ya ci gaba da aikowa. Ashe shi ma yana tarawa, yana da kabad na gilashi a falonsa, kuma ya ce akwai mutane a duniya da sana'arsu ke nan, neman tsofaffin da aka daina yi. Ya roƙi a adana kwalayen da littattafan, kada su jiƙe, mahaifinku ya sa aka ɗora su a saman wadrob. Motocin kuma kafinta ya buga musu katako a bangon ɗakinsa. Akwai ƙanana kamar tafin hannu, akwai wadda rufinta ke ɗagawa, akwai wani ɗaki mai taya da ƙaramar mota ke ja, tsawonsa ya kai hannuna. A gidan nan motocin kwana muke ce musu. In ya gaji da kallon ɗaya sai ya wargaza ta a tasa ya sake ginawa daga farko, hannun kuma ya dawo har yana iya ɓalle maɓallin riga. A majalisar bakin masallaci an yi ta cewa ciwon Malam Sale ya taɓa kai. An kawo masa maganar, ya ce su gaida gida.

Baffa Idi shi ma bai so abin ba, amma ba don raini ba. Ƙanin mahaifinku ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne tun tasowarsa, bai taɓa barin Gwaram ba sai don zumunci ko jana'iza. Ni da shi wasa ne tsakaninmu tun ina amarya. Yana ce min matar Yaya, ina ce masa ƙazamin miji, don bai taɓa shigo min ɗaki ba tare da ya bar min ƙasar gona a leda ba. Abin da ya dame shi shi ne 'yan mutum-mutumin da ke zuwa cikin kwalayen, 'yan mitsi-mitsi kamar ɗan yatsa. Ya ce gumaka ne, mala'iku ba za su shiga ɗakin ba. Mahaifinku bai yi musu ba, ya tattara su a gwangwanin madara ya ba ni in zubar. Sai daga baya, wata rana da hantsi, ya kira ni ya ce in durƙusa in leƙa ta tagar motar farko. Ashe ya rage biyu, namiji da mace, ya zaunar da su a bakin ɗan teburin, inda ba mai gani sai wanda ya sunkuya.

"Ga mu nan mun kama hanya," ya ce.

Na ce, "A wannan shekarun? Ina za mu?"

"Gwaram ma ta isa."

Ya rasu a ƙarshen damina, bayan gajeriyar jinya. Na shiga takaba. Yayanku ya zo, ya yi duk abin da ɗa yake yi, ya yi kuka kuma na gaske, na gani. Ranar da zai koma ya tsaya a bakin ƙofata, ƙannensa na zaune a gefe, ya ce, "Inna, kada a taɓa motocin nan. Ni na saye su, zan turo a kwashe min." Zulai ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta. Hadiza ta tashi ta shiga madafi, ba abin da ta ɗora a wuta. Ba ranar magana ba ce. Amma abin da ka ba mutum ya zama nasa, in ya mutu kuma ya zama gado, ko allura ce. Wannan ko 'yan ajina sun sani.

Baffa Idi ne ya tsaya kan rabon, shi da malamin unguwarmu, ko da yake shi ba ya da ko ƙwaya a ciki tunda akwai ɗa namiji. Gida da gonar Yalwan Damai da 'yan dabbobi duk an raba bayan kaka, ba a ji kan kowa ba. Motocin ne suka rage a bango. Idi mutum ne da ya yi imani har cikin ƙashinsa cewa gadon da ba a raba ba nauyi ne a kan mamaci, kuma ya rame a kan maganar, na gani da idona. Ya yi ta kiran yayanku, kullum amsa ɗaya, wata mai zuwa. Da ya ce masa ƙannenka mata suna da haƙƙi a ciki, sai yayanku ya yi dariya, ya ce me Zulai za ta yi da su a Wurno, ya ce zai ba su wani abu a madadi. Malam ya ce to madadin me, sai an san ƙimar abu. Idi ya sa ɗaya a jaka ya kai kasuwa wajen mai sayar da kayan wasan yara, mutumin ya juya ta ya yi mata kuɗin kaza. Yayanku kuma ya ce babbar ta fi kuɗin bijimin sa. Malam ya ce tsakanin kaza da sa ba shi da ma'aunin da zai tsaya a kai. Na aika daga ɗaki na ce a ba kowa mota sukutum, babba da ƙarama a daidaita. Malam ya ce hakan sulhu ne, sulhu kuma sai kowane magaji ya yarda, ga shi babban magajin ya ce duka nasa ne.

Ana cikin haka, wata rana Idi ya ɗaga ɗaya don ya share ƙura, rufin ya ɓalle a hannunsa. Ya tsorata, sannan ya duba da kyau, ya ɓanɓare wani ɓangaren, ya sake ɓanɓarewa. Hadiza ta ce har fuskarsa ta washe. Ya ce ashe ƙwaya-ƙwaya ce. Ya tuna ya sha ganin yayansa yana wargazawa yana mayarwa. To ga manomi, abin da yake ƙwaya ba ya da wuyar rabo, aunawa ake yi, kamar gero, kamar wake. Ya kai wa malam, malam ya yi nazari ya ce bai ga aibu ba, tunda ba ƙonawa za a yi ba, kuma kowa zai iya gina nasa. Aka sa rana, aka kira Zulai da Hadiza da mazajensu da dattawa biyu na unguwa. Da safiyar ranar Idi ya zo ya tsuguna a bayan labulena.

"Matar Yaya, yau za mu sauke wa Yaya sauran nauyin. Da tiya za mu auna. Kin yarda?"

Wayata tana nan kusa da ni a kan darduma. Na san abin da mahaifinku ya faɗa min ranar shara. Na kuma san Idi: da na maimaita masa wannan maganar, da ya ajiye tiyar ya koma jira, jiran kuwa na san inda zai ƙare. Mota za ta zo daga Abuja, a naɗe su a soso, su shiga bayan gilashi, 'ya'yana mata da suka ɓata Juma'o'insu suna danna wa ubansu bulo su tashi da hannu biyu. Abu biyu ne a gabana, su zauna lafiya a hannun mutum ɗaya, ko su wargaje kowa ya samu. Na zaɓi na biyun. Na ce masa, "Ku ba kowa haƙƙinsa." Kada ku ɗauka tuba nake yi a nan. In aka mayar da ni wannan safiyar, abin da zan faɗa ke nan.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo babban bahon wanki. Ban fito ba, amma labulen yana da tsaga. Idi ya yi bisimilla ya ɗauki ta farko. Da hankali ya yi, wallahi, ƙwaya-ƙwaya, da waɗannan yatsun nasa da fartanya ta cinye, kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ƙararsu a cikin bahon kamar ana juye gyaɗa mai ɓawo. Da ta biyu ta shiga kan ta farko, Zulai ta ɗago ta kalli labulena. Ita ma ta sani. Ban motsa labulen ba, ita ma ta mayar da kanta ƙasa. Tayoyi suka yi ta gangarewa, mijin Hadiza yana bi yana tsintowa. Da aka gama Idi ya sa hannu ya gauraya sosai, don kada wani ya samu ja zalla wani fari zalla, adalci yake yi iyakar saninsa. Sannan ya ɗauki tiya, ya cika, ya shafe bakinta da gefen hannu yadda yake yi wa dawa. Aka fitar min da tumunina, saura aka kasa, na namiji biyu, na mata ɗaya-ɗaya. Malam ya yi addu'a, aka shafa. Zulai ta ƙulle nata a ɗankwali ta rungume, tana hawaye ba sauti. Idi ya zo bayan labule ya ce min yau zai yi barci. Na ji zafin abin ƙwarai, musamman da na leƙa ɗakin mahaifinku da yamma na ga katakon ba komai a kai.

Yayanku ya iso bayan 'yan makonni, da mota da soso da komai. Idi ya hau mashin tun daga Gwaram don ya damƙa masa rabonsa hannu da hannu, a ɗan buhun siminti da ya wanke. Yana murna ya zo. Yayanku ya leƙa ɗakin, ya fito, ya buɗe buhun, ya daɗe a tsaye.

"Baffa, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Ba abin da ya salwanta, ɗana. Ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ka mayar da su yadda suke."

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi duka ba. Akwai kalmar jahilci a ciki. Akwai cewa Baffa dama ya tsani abin, yana cikin masu cewa uban ya haukace, ya jira ya mutu ne ya huce. Idi ya tsaya da hularsa a hannu. Na kira yayanku ɗaki na ce masa da yardata aka yi, ya ce an dai yi amfani da takabata, ba ya son jin komai. Ya hau kujera ya sauke kwalayen da littattafan daga saman wadrob, ya loda a mota, ya bar buhun a tsakar gida ya tafi. Idi ya ɗauki buhun ya ɗaure a bayan mashin, ya ce amana ce, zai ajiye. Tun ranar bai sake ce min matar Yaya ba, sai Hajiya. Shekara da shekaru muna wasa, rana ɗaya ta ɗauke shi, kuma wannan ya fi katakon bango yi min ciwo.

Bayan na fita takaba Idi ya zo ya zauna a zaure, ya aika a kira ni. Ya tambaye ni ko gaskiya ne kowace mota da nata ƙwayoyin. Na ce gaskiya ne. Ya ce ko na san haka ranar. Na ce na sani. Sai ya ce, "To. Haƙƙin yaran nan mata dai ya fita." Bai zarge ni ba, ranar ko bayanta, kuma bai taɓa faɗa wa kowa don ya wanke kansa ba. Abin da ya roƙa shi ne in ara masa tumunina. Na ɗauko na ba shi, ban tambayi me zai yi ba.

Daga bakin Zulai da Hadiza na ji sauran. Ya je Wurno, ya je Surko, ya karɓi nasu su ma aro, ya ce zai dawo wa kowa da nata a tsaye. Na Zulai yana nan a ƙulle yadda ta kai shi. Na Hadiza kuwa yara sun riga sun same shi, ya watsu daga bakin rijiya har garken awaki. Hadiza ta ce Baffa ya ari rariya ya durƙusa a tsakar gidanta yana tankaɗe ƙasa, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ya sa ta tura hotunan motocin a wayar ɗansa. Duk rani, in an gama aikin gona, sai ya shimfiɗa tabarma a zaurensa ya jera kwanukan matarsa, ja a wannan, fari a wancan, ba wanda ya koya masa. Matar ta zo min biki tana mita, ta ce kwanukanta sun ƙare, kuma mutanen Gwaram sun fara cewa abin a jininsu yake, na Birnin Kudu ya yi, ga na gida ya ɗauka. Hoto daga waje kawai yake nunawa, ba ya nuna abin da ke ciki. Ya gina ta rushe, ya gina ta rushe, rani bayan rani, a haka yanar ido ta fara rufe masa gani.

Bara kafin ruwa ya sauka ya zo, ɗansa ya goyo shi a mashin, yana rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Ya warware a gabana ya ajiye a kan darduma. Na kalle ta, na kalle shi. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Ƙazamin miji, wannan ai ko amalanke ta fi ta."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Matar Yaya, ba ki da godiya." Rabon da in ji wannan sunan tun ranar buhu. Sannan ya ce in durƙusa in leƙa ta taga. Gwiwoyina ba kamar da ba, amma na durƙusa. Suna nan ciki su biyun, namiji da mace, a bakin wani abu da yake nufin teburi. Ashe ranar rabo ya tsince su a motar farko, ya yi wuf ya sa a aljihu kada malam ya gani, da niyyar ya jefa su a kogi a hanyarsa ta komawa. Ya tsaya a kan gada ya kasa.

Na ce, "Gumakan naka?"

Ya ce, "Yaya ne ya zaunar da su. Ni wane ne zan tashe su?"

Na koma ɗaki na ɗan jima kafin in fito. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure, hannunsa a kafaɗar ɗansa don ba ya ganin dakali sosai, ya ba ni saƙo.

"Ki ce wa yaron nan, kayan suna wajena, nasa da na ƙannensa, ban bar ɓera ya taɓa ba. Ya zo da littattafan. Ni iyakata ke nan."

Na yi ƙoƙarin isar da saƙon a waya ba sau ɗaya ba. Abin mamaki, layin Abuja lafiya lau yake in ana maganar hawan jinina ko kuɗin makarantar jikoki, amma da na ce Gwaram sai ya fara yankewa. Da Sallah kuma kun ga yadda aka yi, kuna ta dariya, yayanku ma har da ɗaukarta hoto. Shi ya sa na rubuta. Yanzu da kai nake, kai na Abuja. Baffanka bai tsani motocin ubanka ba, bai ma san yana ɓata su ba. Ni na sani, kuma na faɗa maka dalili. In fushi ne, ga ni, ka san ɗakina. Shi yanzu ba ya gani sam, yana zaune a ƙofar zaure yana gane mutane da murya, buhun kuma yana rataye a ɗakinsa, duk wanda ya shiga sai ya tambaye shi ko igiyar tana nan da ƙarfinta. Zulai ta ce idonta bai mutu ba tukuna, Hadiza ta ce za ta riƙe littafi. Tasoshina suna nan, zan sauko da su ba mita.

Matarka ta gaya min littattafan suna ƙasan kabad ɗinka na gilashi, ba ka yar da ko ɗaya ba. Ka ɗauko su. Ba nisa na ce ka je ba, Gwaram ma ta isa.